Yadda Ake Zaɓen Hanya Ta Cikin Duwatsu Idan Za A Yi Ƙaura Ana Jaye Da Mota

Wanda ya koyi tuƙi a Sakkwato ya koya ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Daga Kwannawa har Talata Mafara, ko daga Bodinga har Jega, babu tudun da zai sa direba ya damu da birkinsa, domin abin da ya fi wahalar da mota a nan shi ne zafin rana da ramuka da yashin da iska ke zubowa a kan kwalta. Saboda haka idan canjin wurin aiki ko harkar kasuwanci ta tayar da iyali zuwa Jos, Bauchi, Yola, Jalingo ko Gembu, kuma aka yanke shawarar a jawo mota ta biyu a bayan wadda ta ɗauki kaya, abin da maigida ya fi tambaya shi ne wace hanya ta fi kusa, kuma man nawa za a sha. Tambayar da ya kamata ta riga waɗannan ita ce: wace gangara ce mafi muni a kan hanyar, kuma motocin nan biyu a haɗe za su iya saukarta lafiya? A kan amsar wannan tambaya ake gina zaɓen hanya gaba ɗaya, domin motar da ta kasa hawa tsayawa take yi, amma wadda ta kasa sauka ba ta tsayawa.

Mataki na farko: ka san nauyin da za ka ja

Kafin ka buɗe taswira, ka buɗe littafin motar da za ta yi jan, ko ka duba ƙaramin allon da ke manne a jikin ƙofar direba, inda kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar ke ɗauka. Kowace mota tana da iyaka biyu wajen ja, ɗaya idan abin da ake ja yana da birkinsa, ɗaya kuma idan ba shi da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Toyota Hilux, gwargwadon samfurinta, tana jan kilo 2,500 zuwa 3,500 idan abin da ke baya yana da birki, amma idan babu birki iyakarta kilo 750 ne kacal. Sienna, wadda mutanenmu ke ɗora wa kowane irin aiki, iyakarta ba ta wuce kilo 1,600 ba. Ita kuwa ƙaramar mota irin Corolla, ko babu kowa a cikinta, nauyinta yana kai kilo 1,200 zuwa 1,300. Ma'anar wannan lissafi shi ne, Hilux da ke jaye da Corolla wadda babu mai taka mata birki ta riga ta wuce iyakar da kamfani ya yanka mata tun kafin a bar cikin gari.

Ranar ƙaura kuma akwai wata ɗabi'a da ke ƙara dagula lissafin. Da zarar an ga motar baya babu fasinja, sai a mai da ita rumbu: buhunan shinkafa, injin janareta, tukwane, akwatunan uwargida. Buhu huɗu masu kilo 50 sun ƙara kilo 200 ke nan, kuma duk wannan nauyi birkin motar gaba ne zai tsayar da shi. Kaya masu nauyi wurinsu cikin motar da ke ja, a ƙasa, kusa da tsakiya, domin ana so ta gaba ta fi ta baya nauyi sosai. Idan ta baya ta kusa kai nauyin ta gaba, a gangara ita ce za ta riƙa tuƙa ku.

Mataki na biyu: ka yanke yadda za a ja motar

Yadda aka haɗa motocin shi ke nuna hanyoyin da suka buɗe maka da waɗanda suka rufe. Jan mota da igiya ko sarƙa, kamar yadda ake yi daga unguwa zuwa garejin Buzaye idan mota ta mutu, abu ne na cikin gari, na kilomita kaɗan. A hanyar dutse bai dace ba ko kaɗan. Motar da injinta ke kashe birkinta yana yin tauri bayan an taka sau biyu ko uku, domin na'urar da ke sauƙaƙa takawa da iskar inji take aiki, haka kuma sitiyarinta yana yin nauyi. A gangara motar baya tana cim ma ta gaba, igiya ta saki, sannan ta fizga da ƙarfi, kuma a irin wannan fizga ce ake tsinka sarƙa ko a tumɓuke bamba.

Sandar ja ta ƙarfe, wadda aka ɗaure a jikin shasi, ta fi igiya nesa ba kusa ba, domin ba ta barin motocin su haɗu. Sai dai tana da sharuɗɗa. Dole makulli ya kasance a inda sitiyari ba zai kulle ba, dole a ƙara sarƙar tsaro guda biyu ban da sandar, kuma da irin wannan haɗi ribas yana da wuya ƙwarai, don haka hanyar da za ta iya tilasta maka komawa da baya a kan tudu ba taka ba ce. Abu mafi muhimmanci shi ne giyabos. Mota mai giyar hannu yawanci ana iya janta a firi, amma mai atomatik, idan tayoyin da ke tura ta suna juyawa a ƙasa alhali inji na kashe, famfon da ke zagaya da man giya ba ya aiki, kuma tafiyar ɗaruruwan kilomita a haka tana ƙone giyabos ɗin. Idan tayoyin gaba ne ke tura motar, janwe mai ɗaga gaba ya wadatar. Idan na baya ne ke tura ta, bakanike zai kwance farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Idan kuwa duk tayoyi huɗu ke aiki, to sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan wata mota.

A ganina, ga duk tafiyar da za ta haura Filato ko Mambila, ɗora motar a kan babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya shi ne abin da hankali ya fi kwanciya da shi. Kuɗinsa ya fi yawa, amma idan aka kwatanta da kuɗin giyabos ɗin atomatik ɗaya, bambancin yakan zama kaɗan. Akwai kuma wata dabara da mutane ke mantawa da ita saboda sauƙinta: idan motar da ake ja lafiyarta ƙalau, rashin direba ne kawai ya sa ake janta, sai a tafi da wanda ya iya tuƙi, a kwance ta a gindin dutse, kowace mota ta hau ko ta sauka da ƙafarta, a sake haɗa su a inda ƙasa ta daidaita. Rabin awa ne za a ɓata, kuma shi ke raba tafiyar da mafi girman haɗarinta.

Mataki na uku: ka karanta ƙasar, ba nisan kawai ba

Sakkwato tana kimanin mita 300 sama da teku. Zariya tana wajen mita 650, Jos kuma kimanin mita 1,200, yayin da tsaunin Mambila yake kai mita 1,600 a matsakaici. Duk wanda zai je Jos daga nan sai ya hau kusan mita 900, ko ta ina ya bi. Abin da ya bambanta hanyoyin shi ne a cikin kilomita nawa za a yi wannan hawan. Idan an shimfiɗa shi a ɗaruruwan kilomita, mota ba ta ma jin sa, idan kuwa an tara kaso mai yawa a cikin ɗan gajeren wuri mai kwana-kwana, nan ne inji ke tafasa. Injiniyoyi suna auna tudu da kaso cikin ɗari: tudu mai kashi 6 shi ne wanda ke tashi mita 6 a kowace mita 100. Mai jaye da mota ya fara taka-tsantsan daga nan, musamman idan tudun ya yi kilomita biyu ko uku bai huta ba.

Hanyar da aka fi bi zuwa Jos ita ce ta Gusau. Ana fita ta Dange da Tureta, a wuce Talata Mafara da Maru da Bunguɗu a shiga Gusau, kimanin kilomita 200 da 'yan kai. Daga nan sai Kwatarkwashi, inda babban dutsen nan ke tsaye a gefen hanya amma kwalta ta bi ta gindinsa ba tare da wani hawa ba, sai Tsafe da Funtuwa da Giwa har Zariya, jimla kusan kilomita 400. Daga Zariya a kama hanyar Pambeguwa da Saminaka da Jengre, kimanin kilomita 240 zuwa Jos. Alfanun wannan hanya ga mai jaye da mota shi ne ana shigowa Filato ta arewa, inda ƙasa ta riga ta yi ta tashi sannu a hankali tun daga Gusau, don haka hawan ƙarshe bayan Jengre bai kai tsananin na kudu ba.

Ɗaya hanyar ita ce ta Jega da Koko da Yawuri da Kontagora, a ratsa Neja a shiga Abuja, sannan Keffi da Akwanga. Ta fi tsawo da yawa, kuma tana kawo ka Filato ta ɓangaren kudu, inda dutsen ya tashi a tsaye daga ƙasa mai kwari. Nan ne Hawan Kibo yake, a ƙaramar hukumar Riyom, kusa da magangarar ruwa ta Assop, wuri mai tsawo da kwanoni wanda ya yi ƙaurin suna wajen haɗarin tirela da tanka. Mai zuwa Jos hawa zai yi, mai barin Jos kuwa sauka zai yi, kuma saukar ta fi hawan haɗari. Wanda ya gama aiki a Jos yana komawa gida Sakkwato da mota a baya, in dai babu wata larura da ta tilasta masa biyowa Abuja, ya fita ta Jengre. Haka nan hanyar Kaduna da Kaciya da Manchok zuwa Vom ita ma tana da nata hawan a gefen Filato na yamma, don haka ba mafita ba ce ga mai gudun tudu.

Wanda Bauchi ko Gombe ko Yola ya nufa yana da sa'a, domin ba dole ne ya taɓa Filato ba. Taswirar waya tana iya nuna masa ya bi ta Jos, ya hau mita 1,200 sannan ya sake gangarowa ta Tilden Fulani da Panshanu zuwa Bauchi, wato ya wahalar da inji a hawa, ya wahalar da birki a sauka, ba tare da ya ƙaru da komai ba. Abin da ya fi shi ne ya nufi Kano ta Malumfashi da Gwarzo, ya fita ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi ya shiga Bauchi ta arewa. Akwai duwatsu a kewayen Ningi, akwai kuma tuddai a kudancin Gombe wajen Kaltungo, amma ba irin na Filato ba ne.

Mambila daban take. Daga Jalingo ana bi ta Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, a nan hawan yake farawa, hanya tana nannaɗe dutse da kwanoni masu tsanani, kwazazzabo a gefe guda, har a kai Maisamari, sannan Nguroje da Gembu. Hanya ɗaya ce ta kwalta, babu wata da za a zaɓa a madadinta. Ban ga dalilin da zai sa a hau wannan wuri da mota jaye a baya ba. Ko dai a kwance ta a Serti ko Mayo Selbe a tuƙa ta, ko a ɗora ta a babbar motar da direbanta ya saba da dutsen.

Game da taswirar waya, a riƙe abu biyu. Lokacin da Google Maps ke bayarwa na ƙaramar mota ce marar kaya, kuma idan ya zaɓa maka hanya, saurin isa yake dubawa, bai san kana jaye da tan ɗaya da rabi ba. Amma yana da shafi mai nuna tudu da kwari, wanda idan ka kunna shi ka matso da hoton, za ka ga layukan tsayin ƙasa. Inda layukan suka matse juna kuma hanya ta riƙa lanƙwasa kamar maciji, ka sa alama, ka rubuta sunan garin da ke kafin wurin da wanda ke bayansa. Ka kuma sauke taswirar a wayarka tun kana gida, domin a tsakanin duwatsu sabis yakan ɗauke.

Mataki na huɗu: ka tambayi masu bin hanyar

Taswira ba ta san gadar da ruwa ya cinye makon jiya ba. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, ka je tashar mota ka nemi direbobin da ke lodin Jos ko Bauchi ko Jalingo, kuma ya fi kyau ka sami direban babbar mota, domin shi ne yake jin tudu a jikinsa kamar yadda za ka ji. Bayan gaisuwa, kada ka tsaya a "yaya hanya?", domin amsar ita ce "lafiya lau". Ka ce masa: "Malam direba, don Allah daga Saminaka zuwa Jos a ina kuke komawa giya biyu? A ina manyan motoci suka fi lalacewa? Akwai inda kwalta ta fashe a kan gangara?" Rami a kan gangara ya fi rami a fili muni, domin yana tilasta maka taka birki da ƙarfi a daidai lokacin da birkin ya fi zafi.

A wannan zama ne kuma za ka tambayi batun tsaro, wanda babu mai zaɓen hanya daga Sakkwato a wannan zamani da zai tsallake shi. Tsakanin Gusau da Tsafe da Funtuwa an sha fama da 'yan bindiga, haka ma yankin Birnin Gwari da wasu sassan hanyar Kontagora, kuma yanayin yana sauyawa daga wata zuwa wata. Mai jaye da mota ba ya iya gudu, ba ya iya juyawa da sauri, saboda haka abin da ƙaramar mota za ta iya kuɓuce masa shi ba zai iya ba. Idan direbobi suka ce wata hanya ba ta biyuwa a wannan makon, maganarsu ta rinjayi duk lissafin tudu, sai ka ɗauki hanya mai dutse ka yi amfani da dabarar kwance mota a gindinsa, ko ka ɗaga tafiyar.

Mataki na biyar: ka raba tafiyar, ka zaɓi lokacin hawa

Kundin dokokin hanya na Najeriya ya ƙayyade wa motar janwe kilomita 45 a awa idan tana jaye da wata mota, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya dace kowa ya yi lissafi da shi. Kilomita 640 zuwa Jos a wannan gudu ya haura awa 14, ban da sallah da cin abinci da shingayen bincike. Tafiyar kwana biyu ce. A tashi bayan gari ya waye, a kwana a Zariya, washegari a kama hanyar Pambeguwa da sassafe, yadda za a yi hawan ƙarshe da rana a sama, a shiga Jos kafin la'asar ta yi sanyi. Duk yadda aka tsara, dutse da dare bai kamata su haɗu ba.

Watan da aka zaɓa ma yana da tasiri. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, inji da taya suna fara tafiyar a gajiye. Damina tana riga sauka a Filato kafin ta iso mana, kuma tana daɗewa, ta Mambila ma ta fi tsawo, ga hazo mai rufe kwana har direba ba ya ganin gabansa. Lokacin hunturu hanya a bushe take kuma inji yana samun sanyi, sai dai ƙura na rage gani da safe. Idan mutum na da zaɓi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi sauƙi.

Mataki na shida: ka shirya motar gaba domin dutse

A gaya wa bakanike a fili cewa dutse za a hau da mota a baya, domin dubawar da ake yi wa motar da za ta Illela ba ita ake yi wa wannan ba. A fara da birki: lainin gaba da na baya, sannan man birki. Wannan mai yana tsotsar danshi daga iska yayin da yake tsufa. Nau'in DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, amma idan ya sha danshi yana saukowa zuwa 140, shi kuwa DOT 4 daga 230 yake saukowa zuwa 155. Man da ya tafasa yana zama tururi a cikin bututu, kuma a lokacin ne direba ke taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai. Idan man ya haura shekara biyu, a zubar da shi gaba ɗaya a zuba sabo, ƙari a kan tsoho bai wadatar ba.

Sai lagireto da tiyoyinsa da fanka da fanbel. Murfin lagireto ƙaramin abu ne mai araha, amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma a kan tudu ruwa yana saurin tafasa, kimanin digiri ɗaya ƙasa a kowace mita 300. Iska ma tana raguwa, shi ya sa injin da ba shi da turbo yake rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Motar da ka sani a Sakkwato za ta isa Jos da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta a rage, don haka idan ka ji ta yi sanyi a hawa, ba lalacewa ta yi ba. A duba man giyar atomatik, a duba iskar tayoyin motocin biyu da safaya tun da safe kafin su yi zafi. A haɗa fitilun birki da na sigina su yi aiki a bayan motar da ake ja, a manna mata alama mai ƙyalli. A ɗauki waigi biyu na katako don tare taya, jarkar ruwa, abin kashe gobara, da alamar kusurwa uku. Takardun motocin biyu su kasance a hannu, domin jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan sanda za su tambayi na wadda ake ja kamar yadda za su tambayi na mai ja. Lambar gaggawa ta hukumar ita ce 122. Kada kowa ya zauna a motar baya sai wanda ke riƙe da sitiyari, in ana bukatarsa, kuma mata da yara ya fi kyau su bi motar haya.

Mataki na bakwai: hawa da sauka

A gindin tudu ake sauya giya, tun mota na da ƙarfinta. Wanda ya bari sai ta fara shaƙewa a tsakiyar hawa sannan ya nemi giya biyu, yakan rasa gudun da ya rage masa, kuma tayar da motoci biyu daga tsaye a kan tudu yana cin kuloci. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a riƙe totur daidai ba tare da dannawa har ƙasa ba, ido ɗaya a kan allurar zafi. Idan ta fara haurawa, a kunna hita a buɗe gilasai, domin hita tana janye zafi daga inji. Idan ta ci gaba, a nemi wuri mai faɗi a tsaya, a sa waigi, a bar inji yana aiki a hankali fanka na juyawa, kuma kada a taɓa murfin lagireto sai ya huce. Mai atomatik ya cire ta daga D ya kulle ta a 3 ko 2, don kada ta riƙa hawa da sauka tsakanin giyoyi tana dafa manta.

Sauka ita ce jarrabawar. Motoci biyu masu jimlar kilo 3,500 da suka gangaro mita 500 suna sakin ƙarfin da, in an mai da shi zafi, zai tafasa ruwa sama da lita 50. Wani ɓangare iska da tayoyi ke ɗauka, sauran kuwa ko inji ya shanye shi ko ya taru a faifan birki huɗu. Shi ya sa ƙa'idar tsofaffin direbobin manyan motoci take nan daram: giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, ko wadda ke ƙasa da ita. A tsaya a saman gangara tukuna, a zagaya motocin, a girgiza sandar ja da hannu, a duba kusoshi da sarƙoƙi, sannan a sa giyar tun kafin a fara. Inji zai yi ƙara, ƙarar ba ta da illa muddin allurar juyin inji ba ta shiga ja ba. Sa mota a firi don a rage shan mai, wanda wasu direbobin haya ke yi, a nan ganganci ne da rai.

Yadda ake taka birkin ma yana da tsari. Kada a ɗora ƙafa a kansa a bar ta tun daga sama har ƙasa, domin hakan ba ya ba shi damar hucewa. Ka zaɓi gudun da ka amince da shi, a ce kilomita 30 a awa. Idan mota ta kai 30, ka taka da ɗan ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu har ta dawo 20, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, ka bar giya ta riƙe ta har ta sake kai 30. Idan ka ga kana takawa kusan babu hutu, giyar ta yi sama, ka rage gudu ka sauko da ita. Ana gama rage gudu kafin a shiga kwana, lokacin da motocin biyu suke a miƙe, domin birki a tsakiyar kwana yana sa ta baya ta turo ƙugun ta gaba waje. A kwana mai tsanani kuma ka buɗe kaɗan, saboda motar baya tana yanke kwana fiye da ta gaba, amma ba har ka shiga hannun masu tahowa ba. Idan layi ya taru a bayanka, ka bari sai ka sami fili ka raɓe su wuce, kada hon ɗinsu ya sa ka ƙara gudu. Ka kuma bar tazara mai yawa tsakaninka da tirela, ta gabanka da ta bayanka, in da hali ka bar ta ta yi nisa kafin ka fara sauka.

Birki yana ba da sanarwa kafin ya ƙi. Za ka ji wari mai kama da ƙonewar roba, ko ka ji kana ƙara ƙarfin ƙafa amma mota ba ta amsawa kamar ɗazu, ko feda ta yi laushi. Da ka ji ɗaya daga ciki, ka tsaya a wuri na farko da ya samu. Ka kusantar da bayan hannunka ga ƙarfen taya ba tare da ka taɓa ba, za ka ji hucin yana dukan fata. Ka sa giya da waigi a maimakon birkin hannu, wanda kan iya manne wa ƙarfe mai zafi, ka jira aƙalla rabin awa. Kada a watsa wa faifan ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Idan kuwa birkin ya tafi ana cikin tafiya, a riƙa taka feda da sauri ana saki, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu a hankali yatsa na kan maɓallinsa don kada tayoyin baya su kulle, sannan a jingina motar da ɓangaren dutse ko ciyayin gefen hanya, nesa da ɓangaren kwari.

Bayan an sauka an sami fili, a sake tsayawa a duba haɗin motocin, domin a gangara nauyin ta baya yana komawa kan sandar ja ta fuskar da ba ta saba ba, kuma kusoshin da suka yi kilomita 400 a ɗaure suna iya sassautawa a cikin kilomita biyar. A taɓa tayoyin motar da ake ja ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗaya ta fi sauran zafi, birkinta na kamawa ko boris ɗinta ya fara ci, kuma gara a nemi bakanike a garin da ke gaba da a ci gaba da ita a haka.